Shekarar da Latar Ta Bushe

Ku ajiye gudumar nan tukuna. Na ji abin da Lawali ya faɗa ɗazu, da yake yana tsammanin kunnena ya tsufa: wai latar, wato haɗa wayar wuta da ƙasa, ba aiki ba ne, ƙarfe ne kawai ka buga a ƙasa, ka ɗaura masa waya, ka kama gabanka. Kai Lawali, da haka ne ai da masu kafa turken awaki sun riga mu shiga sana'ar. Ke ma Nana, jawo bencin nan inuwa ki zauna. Zan ba ku labarin wani mutum, Malam Haru, wanda ya rasa aikinsa da sunansa saboda wannan ƙarfen da kuke rainawa. Amma sai kun san aikin kafin ku gane abin da ya same shi.

Ni a hannun Maigida Birah na koya, a Birni, cikin wani lungu da mota ba ta shiga. Ubana baduku ne, ya ga hannuna bai karɓi fata ba, sai ya kai ni wurinsa bayan na bar lekol, wato makarantar boko. Birah ya yi shekaru a wurin haƙar ma'adinai can arewa yana kula da na'urorin awo, ya dawo gida da tari da kuma akwatin kayan aiki da ba ya bari kowa ya taɓa. Na zo da murnar zan riƙe pansi da turnabis, wato filaya da sukudireba. Diga ya ba ni. Ramin farko da na tona masa a bayan wani gidan ƙanƙara ne a Zango, na tona har kafaɗata ta mutu, na ce Maigida ya isa. Ya leƙa, ya ce in ɗebo ƙasar gindin ramin in damƙa masa. Ya murza ta, ta zube kamar gari. Ya ce, “Wannan ƙasa ce ta kwanciyar kaza. Ci gaba har ka ji sanyi a tafin hannunka.”

Kun san garin nan a kan dutse yake zaune. Wani wuri ka yi ɗan tono kaɗan diga ta yi tsalle ta dawo maka. In ka samu wuri mai kyau, sai ka kafa pike, wato sandar nan ta tagulla, ka zagaye ta da dakakken gawayi da gishiri da laka ta tafki, ka shayar da ramin ruwa, sannan ka rufe. Mahaɗar waya da pike kuwa sai ka goge ta da buroshin ƙarfe har ta yi ƙyalli kafin ka ɗaure, don tsatsa kaɗan a nan ta isa ta ɓata maka aikin wuni. Birah yana cewa kuran, wato wutar lantarki, in ya ɓace hanya dole ya koma ƙasa, in ba ka gina masa hanya ba zai nemi tasa, ko ta cikin na'ura ko ta jikin mutum. Ba ya faɗin magana sau biyu, in ka manta sai ka ji rankwashi.

Ɗayan rabin aikin shi ne bilandaji. Nana, ɗauko guntun kabil ɗin can ki fere shi. Kin ga wannan saƙar ta siraran wayoyi da ta lulluɓe na ciki kamar raga? Ita ce. Sondi, wato tsinken da ake cusawa cikin tukunya ya auna zafi, muryarsa ƙarama ce ƙwarai, kamar mai raɗa a tsakiyar kasuwa. Manyan injuna kuma ihu suke yi a cikin waya. Ragar nan ita ke kwashe ihun ta kai shi ƙasa, don raɗar ta isa tablo, wato allon da ke nuna awon, lafiya. Sharaɗinta ɗaya: a gefe guda ake ɗaure ta, gefen tablo. Ɗayan bakin a datse shi, a naɗe, a bar shi ba ya taɓa komai.

An taɓa kirana wata tashar tura ruwa, allurar awo tana rawa ba dalili. Na bi kabil har ƙarshe, sai na tarar wani mai gyaran wutar gidaje ya ga bakin raga a sake, abin ya tsaya masa a rai, ya murɗe shi da kyau ya ɗaure a jikin tiyo. Mutumin kirki ne, son tsabtar aiki ne ya kai shi. Da ya ɗaure gefe biyu, sai ragar ta zama hanya, kuran ya riƙa bi ta cikinta yana kai da komo. Na datse, allura ta tsaya. Daga nan na san halin masu kiranmu. In awo ya yi ƙarya, da farko za su ce na'ura ce ta lalace, a sayo sabuwa. In sabuwa ta yi haka, su ce mai kula da ita ne. Wasu har aljanu suke ambata. Ƙasar da suke takawa kullum ita ce ba ta zuwa musu a rai.

To, ga Malam Haru. Akwai wani attajiri ɗan Zango, Alhaji Mutari, kakanninsa fatake ne. Ya gina ma'aikatar tatsar man gyaɗa a bakin gari, hanyar Gafati. Ni da Birah muka yi masa latar lokacin ginin, a bayan ɗakin injuna, gindin wani dogon yaro. Bayan Birah ya rasu aikin ya dawo hannuna, ina leƙawa in an kira ni. Duk lokacin da na auna latar ɗin nan daga cikin ɗaki, rani da damina, sai in same ta lafiya ƙalau, in ce Allah Ya jiƙan Maigida, hannunsa na da albarka.

Albarkar tana da dalili. Gindin dogon yaron nan shi ne kaɗai inuwa a bayan ma'aikatar, saboda haka nan ma'aikata suke ajiye butocinsu, nan suke alwala. Azahar, la'asar, magariba, mutane da yawa, shekara da shekaru. Wurin kullum a jiƙe yake, har ciyawa ta fito. Babu wanda ya tsara haka, babu kuma wanda ya san pike na ƙarƙashin ƙafarsa.

Haru mutumin Gafati ne, shi ne mai kula da tukunyar turara gyaɗa. Kafin a tatse gyaɗa sai an dumama ta da tururi, zafin kuma yana da iyaka. In bai kai ba, mai ba zai fita sosai ba. In ya wuce, mai ya yi duhu ya yi ɗaci. Tukunyar a rufe take, ba ka ganin ciki, kuma kafin ƙauri ya iso hancinka an riga an yi ɓarna. Aikin Haru shi ne ya zuba wa lambar da ke jikin tablo ido, in ta sauka ya ƙara tururi, in ta hau ya rage. Shi ne babba a cikin ma'aikatan, shi ke jan salla, kuma mutum ne mai tsabta har ta yi yawa. Taɓon wurin alwalar nan yana damunsa, ya ce ruwa na fallatsar wa mutane wando. Ya yi ta bin Alhaji har Alhaji ya ga ai lada ce, ya sa aka gina wurin alwala na siminti kusa da ƙofar shiga, da famfuna a jere, da kwata mai fitar da ruwa can bayan katanga. Ma'aikata suka sa masa suna wurin Malam Haru. In baƙo ya zo, da kansa yake kai shi ya gani.

Shekarar da ta biyo baya ita ce muguwar shekara. Ruwa ya ɗauke da wuri, hatsi bai yi ido ba a ƙauyuka, gidan Haru a Gafati duk suka koma kan abin da yake samu a ma'aikata. Da bazara ta kama, famfunan gari suka ƙafe, ƴan ga-ruwa suka zama sarakuna. A lokacin ne mai ya fara fitowa da duhu. Mata masu sari suka riƙa dawo da jarkoki suna cewa ba za su kai wa mutane magani a madadin mai ba.

Alhaji ya aiko aka kira ni. Na je da sassafe, ba a tada manyan injuna ba tukuna. Na zare sondi na tsoma shi a tafasasshen ruwa, ya faɗi gaskiya. Na bi kabil, babu rauni. Raga a ɗaure gefe guda, yadda na bar ta. Na gaya wa Alhaji abin da na gani. Ya juya wajen Haru.

“Malam Haru, ka ji. Na'ura lafiya take.”

“Alhaji, ni abin da idona ya gani nake bi,” in ji Haru. “Lamba takan sauka, in ƙara tururi, sai kawai in ji ƙauri. Wallahi ban taɓa barin wurin nan ba sai salla.”

Babu wanda ya ƙaryata shi a gabansa. A bayansa ne aka yi ta magana: ido ya tsufa, gyangyaɗi yake yi, hankalinsa na ƙauye. Da aka sake ƙona wani zubi, Alhaji ya kira shi biro, wato ofishinsa, ya ce ya je ya huta, ya sa aka ɗora masa buhun hatsi a kan babur. Bai ci masa mutunci ba. Amma kafin Haru ya isa Gafati suna ya riga shi, Haru mai ƙona gyaɗa. Ya nemi aiki wurin masu ƙananan injuna a gari, kowa ya ce a'a cikin ladabi. A tukunya kuma aka sa wani saurayi, Ma'azu, ɗan ƙanwar matar Alhaji.

Maganar nan ta “lamba takan sauka” ita ta hana ni sakewa. Zafi ba ya sauka haka kawai a tukunyar da ke kan tururi. Na koma da rana tsaka, lokacin da komai ke aiki, na samu kujera na zauna gaban tablo ban taɓa komai ba. Wannan ma aiki ne, Lawali, zama da kallo, kuma shi ne wanda kuka fi ƙi. Da aka tada babban injin matsa, lamba ta yi ƙasa. Da aka kashe shi, ta dawo. Aka sake tadawa, ta sake faɗuwa. Na kai bayan hannuna jikin ƙarfen tablo, sai na ji ya cije ni. Wani lebura da ke wucewa ya yi dariya ya ce, “Ai ya kwana biyu yana cizo, Malam Sani. Tsumma muke sawa.”

Na ari na'urar auna latar, mai ƙananan turaku da dogayen wayoyi, na zagaya baya. Ban ma kai ga kafa turakun ba na tsaya. Wurin da na sani da taɓo da ciyawa ya bushe ƙarƙaf, ya tsattsage, an share shi tas. Ina tsaye aka kira azahar, na ga mutane suna wucewa da butoci, kowa ya nufi ƙofar shiga. Na auna duk da haka, don a sana'ar nan ba a rantsuwa da zato. Latar kusan babu ita. Kuran ɗin da ke zuba daga manyan injuna ya rasa hanyar ƙasa, sai ya bi ta wayar sondi, shi ya sa lamba ke faɗuwa alhali tukunya na ci da zafi. Haru lambar ya bi, kamar yadda aka koya masa.

Alhaji ya yi tafiya Kano. Na same shi a waya na yi masa bayani, ya ce, “Malam Sani, ban gane wannan lissafin naku ba. Bari in dawo in gani da idona.” Ba a tona rami a ma'aikatar mutum ba da izininsa ba, saboda haka na gargaɗi ma'aikata kada wanda ya taɓa tablo ba takalmi, na shirya abin da zan nuna masa. Zan zaunar da shi ya ga lamba na faɗuwa a hannun Ma'azu ma, sannan in sa a juye ganga ɗaya ta ruwa a gindin dogon yaro, ya ga ta tsaya. Ma'azu ya riga ya fitar da zubi ɗaya mai ɗan duhu, amma an ce sabon hannu ne. Abin da nake bukata kawai shi ne ƙasa ta zauna a bushe har Alhaji ya dawo.

A makon nan ne gari ya fita roƙon ruwa. Na fita ni ma, na tsaya a sahu, na ɗaga hannu. Bakina ya ce amin tare da na kowa, amma na ji kunyar abin da ke raina, don ni kaɗai ne a filin nan nake son hadari ya ɗan jira. Bai jira ba. Ana gobe Alhaji zai dawo, da la'asar, gabas ta yi baƙi, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yara na tsalle a titi, mata na tara robobi. Indararon ɗakin injuna kuwa daidai gindin dogon yaro yake zuba.

Washegari na zaunar da Alhaji gaban tablo. Aka tada babban inji, lamba ko gezau. Aka kashe, aka tada, tana nan daram. Mai ya fito garau. Na nuna masa awon da na yi kafin ruwa, ya saurare ni har ƙarshe, don ba mutum ne mai katse magana ba. Sannan ya ce, “Malam Sani, ni ɗan kasuwa ne. Haru na nan, mai na ƙonewa. Haru ya tafi, mai ya yi kyau. Kai kuma kana gaya mini ruwan sama ne ya gyara inji. Na san kana tausayinsa, ni ma ina yi. In ka ce ramin na son gyara, je ka gyara, ban hana ka ba.”

Ku lura da inda na tsaya. In na bar latar yadda take, damina za ta rufa mata asiri, amma bazara mai zuwa za ta sake bushewa, gyaɗa ta ƙone a hannun Ma'azu, Alhaji ya gani da idonsa, sunan Haru ya wanku. In na gyara, ba za ta sake ƙonewa ba har abada, kuma babu sauran shaida. Sunan ba nawa ba ne, saboda haka na hau kabu-kabu na tafi Gafati.

Na same shi a gona suna shuka, shi a gaba da sungumi, ƴaƴansa maza biyu na binsa suna zuba iri. Muka gaisa, ya tambayi gida da mutanen ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, har da Alhaji. Muka zauna gindin gawo na kwance masa komai, ban ɓoye maganar wurin alwala ba. Ya kakkaɓe ƙasa daga ƙafarsa.

“Wato ruwan alwalarmu ne ke riƙe da injin tun farko.”

“Shi ne, Malam.”

“Ni kuma na kawar da shi.” Ya ɗan yi dariya, ba mai daɗi ba. “Ikon Allah. Har baƙi nake kaiwa su gani.”

Na faɗa masa zaɓin da ke gabanmu. Bai amsa wannan ba, sai ya ce, “Ka ce ƙarfen tablo na cizo?”

“Yana yi in ƙasa ta bushe.”

“Yaron nan Ma'azu, da takalmi yake tsayawa?”

“Silifa ne. In zafi ya dame shi yakan cire.”

“In ta bushe fiye da bana, cizo ne kaɗai?”

“A'a, Malam. In wani inji ya samu matsala a ranar, zai iya kashe mutum.”

Ya dube ni yadda Birah ke dubana in na yi tambayar da na san amsarta. “To me ka biyo rana ka zo tambayata, Malam Sani? Je ka gyara.”

Na ce, “Sunanka fa?”

Ya miƙe, ya kira ƴaƴansa. Suka zo da ƙoƙon iri a hannu. Ya ce, “Maimaita musu abin da ka gaya mini. Su ji daga bakinka, don su ake yi wa gori a kasuwa.” Na maimaita, tun daga pike har indararo. Babban ya sunkuyar da kai, ƙaramin ya juya mana baya yana goge ido da hannun riga. Da na gama Haru ya ce ya gode, ya ɗauki sungumi, ya ce ƙasa na shan iska, kada danshi ya wuce su.

Na gyara. Na tona rami mai zurfi har na wuce inda Birah ya tsaya, na kafa pike da yawa na haɗa su da waya mai kauri, na cika da laka da gawayi. Na sa magini ya karkato da kwatar wurin alwala, ruwan ya daina fita bayan katanga, ya riƙa bin tiyo yana zuwa gindin dogon yaro. Tun daga ranar lamba ba ta sake faɗuwa ba, tablo bai sake cizon kowa ba, ko a bazarar da ta fi waccan zafi. Duk wanda ya ba ni kunne na gaya masa labarin, su ce Allah sarki, Malam Sani akwai riƙon amana. Haru bai sake aikin inji ba. A Gafati ya rasu, na je jana'iza.

Ma'azu yana nan a tukunyar har yau, ya yi furfura a gemu, yaransa sun shiga lekol. Mutum ne mai fara'a, in na je awo shi ke kawo mini shayi, kuma har yanzu yakan cire silifa in zafi ya dame shi. Zuwana na ƙarshe yana koya wa wani sabon ma'aikaci tsayuwa gaban tablo. Na ji yana ce masa, “Ka buɗe idonka da kyau, kada ka yi mana irin ta Haru.”